Kunnen da ake binnewa a cikin kankare

Yau daga kasuwa za mu fara, layin masu tukwane.

Duk wanda ya taɓa raka kakarsa ko innarsa sayen randa ya san ba a biyan kuɗi daga kallo kawai. Za ta ɗaga randar, ta jujjuya ta, sannan ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikinta, ta kasa kunne. In ƙarar ta fito da zaƙi, ta ɗan ja kafin ta mutu, sai a shiga ciniki. In kuwa ta fito a toshe, ta mutu nan take, sai Kaka ta ajiye ta yi gaba, ko da mai tukwane zai yi ta rantsuwa cewa jiya aka fito da ita daga wuta. Ido bai ga tsagar ba, amma kunne ya kama ta. Mai sayen kankana ma da wannan dabarar yake aiki.

Abin da ya tuna mana da Kaka shi ne wani ɗan faifai da malaminmu ya miƙo mana a ɗakin gwaje-gwaje na sashenmu makon da ya wuce. Faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, siriri kamar farce, da 'yan wayoyi biyu a jikinsa. Muka yi ta jujjuya shi daga hannu zuwa hannu, babu wanda ya ga abin burgewa. Sai malam ya ce wannan ɗan abin yana iya ƙwanƙwasa ginshiƙin bene daga ciki, kuma ya saurari amsar da ginshiƙin zai bayar. Wato yatsan Kaka da kunnenta ne a haɗe wuri ɗaya, aka binne su cikin kankare tun ranar da aka zuba shi.

To me ya sa gini zai buƙaci kunne? Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma kankare bai san da wannan magana ba. Shi haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. In danne shi aka yi, gwarzo ne wajen ɗaukar nauyi. In kuwa jan sa aka yi, ko aka nemi lanƙwasa shi, rago ne: ƙarfinsa a wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a wajen danni ba. Shi ya sa ake saka masa rodi. Ƙarfe ya riƙe ja, kankare ya riƙe danni, sannan kankaren ya lulluɓe ƙarfen ya tsare shi daga ruwa da iska. Zaman yana tafiya lafiya har ranar da wata 'yar tsaga ta bayyana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren a nan ruwa ne, wani lokaci da gishiri a cikinsa. Ruwa ya kai ga rodi, rodi ya fara tsatsa. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, ninki biyu ko fiye, don haka sai ta riƙa tura kankaren daga ciki. Tsaga ta ƙaru, ruwa ya ƙara samun hanya. Duk wannan yana faruwa ne bayan filasta da fenti, a inda mai wucewa ba ya gani.

Mutanen birnin Genoa a Italiya sun ga ƙarshen irin wannan ɓoyayyen ciwo. Suna da wata doguwar gada da aka buɗe a 1967, wadda aka fi sani da sunan injiniyan da ya tsara ta, Riccardo Morandi. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita an lulluɓe su da kankare don kada tsatsa ta taɓa su. Niyyar mai kyau ce, sai dai lulluɓin da aka yi don kariya shi ne kuma ya hana a ga halin da ƙarfen ke ciki. A 2017 wasu masana daga jami'ar fasaha ta Milan sun auna yadda igiyoyin ke karkarwa, suka ga na ginshiƙi na 9 ba sa amsawa yadda ya kamata, suka ba da shawarar a kafa na'urorin da za su riƙa sa ido dare da rana. Ranar 14 ga Agustan 2018, ana tsakiyar ruwan sama, wannan ginshiƙin ya zube tare da wani yanki na gadar mai tsawon kusan mita 200, da motocin da ke kai. Mutum 43 suka mutu.

Kada ku ɗauka injiniyoyi ba sa duba gine-gine. Suna dubawa. Suna zagayawa da ido, suna buga wata guduma mai sifirin a ciki don auna taurin fatar kankare, wani lokaci ma su huda su ciro ɗan guntu su kai ɗakin gwaji. Matsalar ita ce ido da guduma a waje suke tsayawa, hudawa kuma rauni ce ga ginin, kuma duk cikinsu ziyara ce ta lokaci-lokaci. Likitan da ke zuwa sau ɗaya a shekara biyu bai san abin da ya faru daren jiya ba.

Labarin ɗan faifan nan ya faro ne a Faransa a 1880, a hannun wasu 'yan uwa biyu, Jacques Curie da ƙanensa Pierre. Pierre shi ne wanda daga baya ya auri Marie Curie da kuke ji a darasin kimiyya. A lokacin shekararsa 21, wato sa'anmu ne, abin da ke sa mu ɗan sunkuyar da kai in mun tuna abin da mu muka tsinana zuwa yanzu. Sun gano cewa akwai wasu duwatsu masu sheƙi, cikinsu har da wanda ake kira kwatz, da in aka matsa su sai wutar lantarki ta bayyana a fuskokinsu. Dalili kuwa, ƙwayoyin zarran da suka haɗu suka yi kowane abu suna ɗauke da caji iri biyu, mai alamar ƙari da mai alamar ragi. A yawancin abubuwa jerin nasu ya daidaita ta kowane ɓangare, ko an matsa su cajin nan biyu suna ci gaba da kashe juna. A waɗannan duwatsun jerin a karkace yake. Da an matsa, sai caji ɗaya ya rinjaya ta wannan fuska, ɗayan ta waccan, sai ga wuta. Aka raɗa wa abin suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar matsawa, wadda za mu rubuta fiyezo. Mu dai a nan za mu ce lantarkin matsi. Shekara ɗaya bayan haka wani masani, Gabriel Lippmann, ya yi lissafi ya ce lallai abin zai yi aiki ta baya: in aka ba dutsen wuta, zai motsa. 'Yan uwan suka gwada, suka tarar haka ne.

Ku riƙe waɗannan biyun, don duk sauran bayanin a kansu yake. Matsa shi, ya ba ka wuta. Ba shi wuta, ya motsa.

Kuma kun daɗe kuna amfani da shi. Laitar kunna risho mai gas, wadda ake dannawa ta yi ƙas ta fid da tartsatsi ba tare da batir ba, wata 'yar guduma ce a ciki ke bugun irin wannan abu. Agogon hannun da aka rubuta Quartz a fuskarsa yana ɗauke da ɗan guntun kwatz da batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, agogon na ƙirgawa. Na'urar da ake gogawa a cikin mai juna biyu a asibiti don ganin jariri, ita ma da shi take aika sauti cikin jiki ta kuma karɓi amsa-kuwwarsa. Wannan dabara ta aika sauti a jira ya dawo, wani ɗalibin Pierre mai suna Paul Langevin ne ya fito da ita a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana neman hanyar gano jiragen ruwa masu tafiya a ƙarƙashin teku. A farkon shekarun 1950 kuma aka samar da wani haɗi na ɗan Adam, dangin tangaran, mai ɗauke da dalma, wanda ya fi kwatz amsawa nesa ba kusa ba. Ana kiransa da haruffa uku, PZT. Faifan da malam ya miƙo mana da shi aka yi.

Sai dai tangaran abu ne mai saurin fashewa, wurin zuba kankare kuwa ba wurin lallashi ba ne. Akwai ruwa, akwai tsakuwa mai nauyi, ga injin girgiza da ake cusawa don fitar da iska. Farfesa Gangbing Song da abokan aikinsa a Jami'ar Houston ta Amurka suna cikin waɗanda suka shahara da maganin wannan matsala a shekarun 2000. Sai su shafe faifan da abin da zai hana ruwa taɓa shi, su sa shi tsakanin 'yan guntaye biyu na dutsen mabul ko na siminti, su manne. Abin da ya fito girmansa bai wuce na babbar tsakuwa ba, shi ya sa suka kira shi da sunan da za mu iya cewa tsakuwa mai wayo. Ana ɗaure ta a jikin rodi kafin a zuba kankare, a ja wayarta zuwa waje. In kankare ya daskare, ta zama ɗaya daga cikin tsakuwoyin ginin, bambancin kawai ita tana ji, tana kuma magana.

Ga yadda ake sa su aiki. A binne biyu a cikin ginshiƙi, ɗaya nan, ɗaya can. A ba ta farko wuta mai saurin juyawa, sai ta kama karkarwa, ta tura sauti cikin kankaren. Kunnenmu ba zai ji ba, don shi iyakarsa karkarwa wajen 20,000 a sakan, wannan kuwa ya zarce haka. Sautin ya isa ta biyu, ya ɗan matsa ta, ta mayar da shi wuta, kwamfuta ta rubuta lokacin da ya iso da kuma ƙarfin da ya iso da shi. A cikin iska sauti na tafiyar mita 343 a sakan. A cikin lafiyayyen kankare yana yin wajen mita 4,000. Ku ɗauki biro mu yi lissafi: in tsakanin tsakuwoyin biyu santimita 40 ne, wato mita 0.4, a raba da 4,000, ya ba mu 0.0001 na sakan, kashi ɗaya cikin dubu goma. Wannan shi ne amsar ginshiƙi mai lafiya, kuma ita ake rubutawa a ajiye tun ginin yana sabo. Yanzu a ce tsaga ta ratsa tsakaninsu. Tsaga iska ce a cikinta, kuma sautin da ke tafiya cikin kankare in ya ci karo da iska kusan dukkansa baya yake komawa. Ɗan abin da ya tsira sai ya zagaya, ya iso a makare, a gajiye. Da kwamfuta ta kwatanta amsar yau da ta ranar farko, sai ta ce akwai magana a nan. Wannan ita ce ƙarar toshewa da Kaka ke ji a randa, an mayar da ita lambobi.

Akwai wata hanyar da ta fi burge mu, don ita faifai ɗaya tak take buƙata. Kun taɓa lura da makaɗin kalangu? Fatar ɗaya ce, maƙaɗin hannunsa ɗaya ne, amma in ya matse tsarkiyar a hammata sai murya ta hau, in ya saki ta sauka. Yadda aka riƙe abu shi ke yanke irin muryar da zai yi. Faifan da ke cikin kankare ma a riƙe yake. Ana ba shi wuta a sa shi karkarwa daga sannu zuwa sauri, daga dubbai har zuwa dubban ɗaruruwa a sakan, ana auna yadda yake karɓar wutar a kowane mataki. In kankaren da ke kewaye da shi ya riƙe shi gam, zanen da zai fito a kwamfuta daban. In riƙon ya sassauta saboda tsaga ko tsatsa, zanen sai ya gusa. Faifan shi ne mai bugu, shi ne mai ji.

Wannan hanyar tana da amfani tun kafin gini ya tsufa, tun ma yana jariri. Mutane da yawa suna zaton kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi. A gaskiya siminti haɗuwa yake yi da ruwa, su zama wani sabon abu mai tauri, kuma haɗuwar tana ɗaukar makonni. Dalilin ke nan da kuke ganin ana yi wa sabon gini ban ruwa safe da yamma kamar lambu. A ƙa'ida sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, a kwana 7 kuwa ya kai wajen kashi biyu cikin uku. Yadda aka saba aunawa shi ne a ɗebi kankaren a zuba cikin 'yan akwatuna masu santimita 15 ta kowane gefe, a jiƙa dunƙulen a ruwa, ranar gwaji a sa inji ya murƙushe su. Mun yi wannan da hannunmu, kuma ƙarar fashewar tana da daɗin ji, ba za mu ɓoye muku ba. Amma dunƙulen yana kwance ne cikin tankin ruwa a inuwa, shi kuwa dakin da ake magana a kansa yana can yana shan ranar watan Afrilu ko iskar hunturu mai ƙwace masa ruwa. Ba lallai ne labarinsu ya zo ɗaya ba.

A wani wurin gini da muka yi aikin koyo lokacin hutu, mun ga an kusa ba hammata iska a kan wannan. Ɗan kwangila yana son a cire katakai da sandunan da suka tokare dakin, don yana da wani aikin da ke jiransu. Injiniya ya ce ba a isa ba. Wannan yana ƙirga kwanaki da yatsa, wancan yana buga ƙafa a kan dakin yana cewa ku ji, ai ya yi dutse. Mu 'yan koyo muna gefe da hular kwano, muna kallo. Babu ɗayansu da ke da hanyar tambayar kankaren kansa. Da akwai faifai a ciki, da an ga yadda riƙon ke ƙaruwa awa bayan awa tun kankaren yana kamar kunu. A Jami'ar Purdue ta Amurka, Farfesa Luna Lu da ɗalibanta sun yi irin wannan na'ura, an kuma binne ta a manyan titunan kankare na jihar Indiana, don a san daidai lokacin da sabon faci ya yi ƙarfin da za a saki motoci su hau. In an yi gaggawa titi ya lalace da wuri, in an yi jinkiri jama'a su sha cunkoso a banza.

Wani lokacin ma ba sai faifan ya yi bugu ba, shiru kawai zai yi ya saurara. Duk sanda tsaga ta ƙara tsawo, ko wani silin ƙarfe ya tsinke a ciki, ana samun 'yar ƙara, irin ta kara in an taka shi. In kunnuwan suna da yawa, wanda ya fi kusa shi ke fara ji, kuma daga bambancin lokacin ake lissafa inda abin ya faru, kamar yadda kunnuwanku biyu ke gaya muku ta wane ɓangare aka kira sunanku. A yammacin Landan akwai wata gadar sama a unguwar Hammersmith da aka buɗe a 1961. An yi ta ne da gutsattsarin kankare da aka zura wa igiyoyin ƙarfe aka ɗaure tamau, kamar 'ya'yan carbi a zare. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara ya bi ruwa ya shiga ya ci igiyoyin. Hukumar sufurin birnin ta manna na'urorin saurare a jikin gadar, suka riƙa jin silin ƙarfe na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka fasa aka duba, aka tarar ɓarnar ta yi nisa. Ranar 23 ga Disamban 2011, ana gab da Kirsimeti, aka rufe gadar duk da irin cunkoson da hakan ya jawo. Aka ƙara mata sababbin igiyoyi, aka sake buɗe ta kafin wasannin Olamfik na 2012. Waɗannan kunnuwan a fata aka manna su, ba a binne su ba, don gadar ta girme su da shekaru masu yawa. Amma a nan maganar Bahaushe ta tabbata, in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kada mu yi muku tallan magani mai warkar da cuta dubu. Abin yana da nasa matsalolin, kuma ba ƙanana ba ne. Faifai ɗaya ɗan yankin da ke kewaye da shi kawai yake ji, don haka babbar gada tana buƙatar su da yawa, kowanne da wayarsa, kuma waya ɗaya ta tsinke ranar zuba kankare shi ke nan, an binne kurma. Gini ana son ya yi shekara hamsin ko ɗari. Wace na'urar lantarki ce a gidanku ta kai shekara ashirin tana aiki? In ta mutu a cikin ginshiƙi ba a tono ta. Shi faifan kansa ba shi da tsada sosai, amma injin da ke karanta shi da mutumin da ya iya fassara zanen su ne masu tsadar. Sannan ga zafi. Zanen yana gusawa in yanayi ya canza ko da babu tsaga ko ɗaya, don haka amsar sanyin asubar hunturu da ta azahar ɗin bazara ba za su zo ɗaya ba. In ba a koya wa kwamfuta bambanta zafi da ciwo ba, za ta yi ta ihun ƙarya har a daina kula ta. A ƙasa irin tamu, inda tsakanin dare da rana ma akwai tazara babba, wannan aiki ne da ke jiran masu bincike na gida, watakila waninku.

Matsala mafi girma kuwa ba ta na'ura ba ce. A Bangaladash, ranar 23 ga Afrilun 2013, tsage-tsage suka bayyana a fili a jikin wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza. Ba a buƙaci kwamfuta ba, kowa ya gani da idonsa. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Amma aka ce wa masu ɗinkin tufafi da ke sama su dawo aiki washegari. Suka dawo, benen ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. A Genoa ma, kun ji, masana sun yi magana tun shekara guda kafin.

A nan gida kuma ba mu manta da ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 ba, da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji da ke Jos, ɗalibai na cikin aji. Mutum 22 suka rasu, fiye da ɗari suka ji rauni. Sa'anninku ne. Allah ya ba iyayensu haƙuri. A ra'ayinmu, ƙarya ce mu ce tsakuwa mai wayo ce maganin rushewar gine-gine a Najeriya. Ba za ta ƙara simintin da aka rage a kwaɓi ba, ba za ta mayar da siririn rodi ya yi kauri ba, ba kuma za ta hana a ɗora hawa na uku a kan harsashin da aka yi don hawa ɗaya ba. Inda muke ganin ta dace shi ne manyan ayyukan da dubban rayuka ke bi ta kansu kullum: gadojin sama da ake ta ginawa a biranenmu, madatsun ruwa, da gadoji irin ta Third Mainland a Legas, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda ƙafafunta ke tsaye cikin ruwa mai gishiri. Sabon aikin da za a zuba gobe shi ne damar, don ranar zubawa kaɗai ake iya binne kunne.

Kafin nan, ajinku ba shi da wani kunne sai naku. Ku lura da tsagar da ke ratsa ginshiƙi ko ƙarƙashin dakin, da jan ruwan tsatsa da ke gangarowa a bango, da wurin da kankare ya ɓare rodi ya fito, da ƙofar da ke rufuwa lafiya bara amma bana ta ƙi. In kun ga tsaga, ku ja ɗan layi da fensir a daidai inda ta tsaya, ku rubuta kwanan wata. Injiniyoyi ma suna yin haka. Bayan mako biyu ku duba. In ta wuce layin, to tana tafiya, kuma tsaga mai tafiya ba ta jiran taron iyaye da malamai na ƙarshen zango. Ku gaya wa malamin aji da shugaban makaranta a ranar, ku gaya wa iyayenku a gida, kuma ku nuna musu layin da kwanan watan.

Ga aikin gida, ba ya cin ko kwabo. Ku sami dogon tebur ko benci na katako. Ɗaya ya manna kunnensa a wannan ƙarshen, ya toshe ɗaya kunnen, ɗayan ya kankara farcensa a hankali a wancan ƙarshen. Za ku ji kamar a cikin kanku ake yi. Sai ku jera tebura biyu ku manne su gam, ku maimaita, mai kankara a kan na farko, mai saurare a kan na biyu. Daga nan ku raba su da tazarar da takarda ɗaya za ta iya wucewa, ku sake gwadawa. Kun yi tsaga ke nan da hannunku. Wanda kuma ya samu mataccen agogon ƙararrawa na roba ko abin wasan yara mai kuka, ya buɗe, zai iya tarar da ɗan faifan tagulla mai farin da'ira a tsakiya. Shi ne. Ya haɗa wayoyinsa biyu da ƙafafun ƙaramin ƙwan tocila irin na zamani, ya shiga ɗaki mai duhu, ya ɗan ɗalli faifan da yatsa, ya ga abin da zai faru. Amma don Allah a ƙyale laitar gas ɗin Mama, kada a fasa ta, akwai gas a ciki.

Ku rubuto mana abin da kuka ji a kowane mataki na gwajin teburin, da sunan makarantarku da ajinku. Waɗanda suka fi bayani za mu kawo su a wannan fili. Sai mako mai zuwa.